KARATUN LIKITA A DAMAGARAM: INA MAKOMAR ƊAN TAKIETA?

Garin Takieta yana bisa babbar hanya mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta nufi gabas, kimanin kilomita 50 kafin a shiga birnin Damagaram. A nan ne kuma hanyar Kance da Matamai ta rabu, ta yi kudu har iyakar Najeriya. A shekara ta 2011 aka yanke yankin daga Mirya aka mai da shi gunduma mai zaman kanta, da ƙananan hukumomi uku: Garagumsa da Dakusa da Tirmini. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta tarar da mutum fiye da 240,000 a cikin gundumar. Yau kuwa sun zarce haka nesa ba kusa ba, gama wannan ƙidaya ta nuna jama'ar Nijar na ƙaruwa da kusan kashi 4 cikin 100 a kowace shekara.

Idan aka ɗauki ma'aunin da hukumomin lafiya suka saba aiki da shi, watau likita ɗaya ga mutum 10,000, to gundumar Takieta ita kaɗai ta cancanci likitoci 24 tun a waccan shekara. A duk faɗin ƙasar kuwa, alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna ba a kai ga likita ɗaya ga mutum 20,000 ba, kuma kaso mafi tsoka na waɗanda ake da su yana zaune a Yamai da manyan birane. Likitan da ake nufi a nan shi ne mai takardar dokta, wanda ya share shekara bakwai ko takwas a jami'a. Ba majo ba ne, ba ungozomar asibiti ba ce, ko da yake a ƙauye duk mai farar riga likita ake ce masa, kuma in za a faɗi gaskiya su ne ke ɗauke da mafi yawan nauyin aikin.

Abin da ya sake a cikin ƴan shekarun nan shi ne, makarantar da ke fitar da irin wannan likita ta matso kusa. Jami'ar Damagaram, wadda aka kafa a 2010 tare da ta Maraɗi da ta Tawa, kuma take ɗauke da sunan masanin tarihi André Salifou a yau, ta buɗe tsangayar ilimin lafiya a shekarun da suka biyo baya, babban asibitin ƙasa na Damagaram kuwa ya zama wurin koyon aikin ɗalibanta. Yaron Tirmini ko na Garagumsa da Allah ya ba kaifin ƙwaƙwalwa ba sai ya ci tafiyar kilomita 800 da ɗoriya zuwa Yamai ba. Tafiyar awa guda a mota ta ishe shi. Saboda haka tambayoyi uku suka taso waɗanda ya kamata iyaye da hukumomi su dube su da idon basira: wane ne ke iya kai wa ga wannan ƙofa, me ke jiransa a ciki, kuma ina zai dosa idan ya fito?

DAGA DAKAR ZUWA YAMAI

A zamanin mulkin mallaka, makarantar likita ɗaya ce tak ga dukan ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa ke riƙe da su. An buɗe ta a Dakar a 1918, ana karatun shekara huɗu, mutum ya fito a matsayin mataimakin likitan Bature. Félix Houphouët-Boigny, wanda ya zama shugaban ƙasar Kodibuwa daga baya, a can ya gama a 1925. Damagaram ita ce hedikwatar Nijar har 1926, amma ƴaƴan ƙasar da suka samu shiga makarantar boko a lokacin kaɗan ne ƙwarai, waɗanda suka kai Dakar kuwa sun fi haka ƙaranci. Da aka samu ƴancin kai a 1960, asibitocin ƙasar sun dogara ne ga likitocin waje, ƴan ƙasa masu son wannan karatu kuma sai an tura su Dakar ko Abijan ko Faransa ko Tarayyar Sobiyet.

A 1974 aka buɗe makarantar ilimin lafiya a jami'ar Yamai, a ƙetaren kogi, kusa da asibitin Lamorde. A farkon shekarun 1980 likitocin farko da aka horar a gida suka fara fitowa. Ɗalibin wancan zamani ba ya kwana da zulumin aiki. Gwamnati ce ke zaɓar masa fannin da zai karanta, ita ke ba shi bursi da ɗaki da abinci, ranar da ya gama kuwa takardar tura shi wurin aiki na jiransa. Kuɗin yuraniyom ne ke riƙe da wannan tsari. Da farashinsa ya faɗi a farkon shekarun 1980, ƙasar ta shiga yarjejeniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya tun daga 1983, aka soma tsuke bakin aljihu, aka taƙaita ɗaukar ma'aikata, aka taɓa bursi. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 ɗalibai suka fito zanga-zanga kan waɗannan matakai, aka buɗe musu wuta a gadar Kennedy, uku suka rasu. Tun daga wancan lokaci igiyar da ta ɗaure takardar jami'a da aikin gwamnati ta tsinke, har yau kuwa ba a sake ƙulla ta kamar da ba. Wanda bai riƙe wannan tarihi ba, ba zai fahimci halin da sabon likita yake ciki ba.

ƘOFAR DA KE GABAN ƘOFA

Kusantar jami'a ba ta nufin kusantar shiga cikinta. Kafin yaro ya tsaya a bakin tsangayar likita sai ya yi shekara shida a firamare, huɗu a koleji, uku a lise, kuma a lise ɗin ma sai ya bi sashen kimiyya, wanda ake kira D ko C, ya ci jarrabawar bak da maki mai kyau. A nan ne rariyar take da ƙananan idanu. A shekarun 2021 da 2022 da 2023, cikin kowane ɗalibi uku da suka zauna bak a ƙasar nan ba a samu ɗaya cikakke da ya haye ba. Waɗanda suka zauna ɗin kuma su ne ragowar da suka tsira daga zubewar da ake yi tun daga aji na farko na koleji.

Ɗan ƙauye yana da nasa ƙarin cikas. Sashen kimiyya yana bukatar malamin lissafi da na fizik da na ilimin halittu waɗanda suka san aikinsu, kuma irin waɗannan malamai sun fi taruwa a makarantun birni, kamar lise Amadu Kuran Daga ta Damagaram. Wanda ya bar ƙauyensu don karatu sai ya samu mai masauki, mai masaukin kuwa shi ma yana da nasa bakunan da zai ciyar. Da yawa daga cikin yaran da ke komawa gida ba jarrabawa ce ta kore su ba, yunwa ce da rashin wurin kwana. Ga ƴa mace abin ya fi tsanani. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na ƴan matan Nijar ana yi musu aure kafin su cika shekara 18, shekarun da ake cin bak ke nan. Abin lura shi ne, magidancin da ke ƙin kai matarsa asibiti don kada namiji ya duba ta, sau da yawa shi ne kuma ke fitar da ƴarsa daga koleji. Likita mace ba daga sama take faɗowa ba; ƴar wani ce da aka bari ta yi karatu.

SHEKARUN KARATU

Wanda ya samu shiga, shekaru biyu na farko a aji yake yin su. Ana koya masa sassan jikin mutum ƙashi bayan ƙashi, jijiya bayan jijiya, da yadda zuciya da huhu da ƙoda suke aiki, da sinadaran da ke cikin jini. Karatu ne na hadda mai yawa, cikin faransanci mai cike da kalmomin Girka da Latin, kuma a nan ne aka fi faɗuwa. Almajirin da ya yi tilawar allo a tsangaya kafin boko yakan tarar haddar ba baƙuwarsa ba ce. Abin da ke ba shi wuya shi ne harshen. Daga shekara ta uku ɗalibi ke sa farar riga ya shiga asibiti. Da safe yana bin malaminsa gado-gado, yana koyon tambayar maras lafiya da taɓa ciki da sauraron ƙirji. Da la'asar yana aji. Wasu darare kuwa yana gadi a ɗakin gaggawa ko ɗakin haihuwa. Yana zagaya sashen yara, da na mata, da na fiɗa, da na cututtukan cikin jiki. A shekarun ƙarshe ana ba shi marasa lafiya a hannunsa, babban likita na sa masa ido. Daga nan sai ya rubuta kundin bincikensa, ya kare shi a gaban malamai, ya yi rantsuwar riƙe amana da sirrin maras lafiya, sannan a kira shi dokta.

A takarda shekara bakwai ce zuwa takwas. A zahiri takan wuce haka, domin shekarar karatu a jami'o'in ƙasar ta sha yin jinkiri. Yajin aikin malamai, kamar na 2018 da 2019 a kan hanyar naɗa shugabannin jami'o'i, da yajin ɗalibai a kan jinkirin bursi da ƙarancin ɗakuna da motocin sufuri, kamar na Afrilu 2017 wanda ɗalibi ya rasa ransa a cikinsa a Yamai, duk sun ci watanni. Wata ɗaya da aka rasa a aji ba ya tsayawa wata ɗaya. Yakan ture jarrabawa, jarrabawa ta ture shekara mai zuwa. Yaron da ya shiga yana da shekara 20 yana iya fitowa yana dab da 30.

A duba abin da wannan ke nufi a gidan manomi. Shekara takwas ko tara ke nan da hannu ɗaya ya fita daga gona, bai kuma tafi ci-rani Kano ko Agadas ko Libiya ya aiko da kome ba. Sa'o'insa sun yi aure, wasu har ƴaƴansu sun shiga makaranta. Bursin da hukumar ANAB ke biya ga waɗanda suka cika sharaɗi yana rage zafi, amma ɗalibin likita yana da kashe-kashen da sauran ba su da su: kuɗin mota ko na kabu-kabu tsakanin aji da asibiti kullum, abin sauraron ƙirji, na'urar awon jini, kwafin darussa, kuɗin intanet don neman littattafan da ɗakin karatu ba shi da su, da kuɗin buga kundi a ƙarshe. Ba shi kuma da sararin yin ƴar sana'a a gefe, tun da safiyarsa ta asibiti ce, darensa na gadi. Fa'idar Damagaram ga ɗan Takieta a nan take: buhun gero da ɗan wake suna iya iso masa ranar kasuwa, shi ma yana iya leƙa gida ya komo a yini ɗaya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda a da sai ya kwana a hanya kafin ya ga mahaifiyarsa.

Akwai wani nauyi kuma da ba a cika faɗa ba. Tun daga shekarar farko ƴan garinsu suke ce masa dokta. Duk wanda aka turo daga ƙauye zuwa babban asibiti, lambar wayarsa ake ba shi. Shi ne zai nemo gado, shi ne zai karanta takardar magani, wani lokaci shi ne zai cika kuɗin daga bursinsa. Idan ya je hutu, tsofaffi na miƙo masa hannu ya duba, alhali bai wuce karatun ƙasusuwa ba. Ɗalibi mai hankali yakan ce bai kai ba tukuna, ya nuna musu hanyar majo. Wanda kunya ko son girma ya rinjaya yakan rubuta abin da bai sani ba. Iyaye za su taimaki ɗansu ƙwarai in sun bar shi ya nuna kafin a tsinke shi.

Ta fuskar koyon aiki kuwa, ɗalibin Damagaram ba shi da abin da zai yi wa na wani wuri hassada a kai, sai dai kayan aiki da yawan malamai. Jahar ita ce ta fi kowace yawan jama'a a ƙidayar 2012, mutum miliyan 3 da rabi, kuma cututtukan da littafi ke bayani duk suna zuwa da ƙafarsu. Daga Agusta zuwa Oktoba ɗakunan yara na cika da masassarar cizon sauro haɗe da tamowa da ƙarancin jini. Da rani sanƙarau ke leƙowa: tsakanin 1 ga Nuwamba 2022 da 27 ga Janairu 2023 an ƙidaya mutum 559 da suka kamu a jahar, 18 suka rasu, Dungas ce ta fi shan wuya. A 2023 mashaƙo ya ɓulla a yankin Matamai, maƙwabciyar Takieta. Ga doguwar naƙuda da jijjiga da yoyon fitsari, ga fashewar hanji da zazzaɓin taifot ke jawowa, ga haɗarin mota da babur a kan babbar hanya. Wanda ya yi gadi shekara huɗu a irin wannan wuri hannunsa ya faɗa.

Malamai su ne ƙashin bayan al'amarin, kuma su ne suka fi wuyar samu. Gini ana iya tsai da shi cikin shekara biyu. Farfesan likita kuwa sai ya yi karatun dokta, ya ƙara shekara huɗu ko biyar na ƙwarewa, ya yi shekaru yana koyarwa yana bincike, sannan ya ci gasar da majalisar CAMES ke shiryawa, wadda aka kafa a 1968 kuma take da mazauni a Wagadugu. Shi ya sa sabuwar tsangaya ba ta da makawa sai ta jingina da tsohuwa, a riƙa gayyato malamai su zo su ba da darasin wata uku cikin mako biyu su koma. Malamin da ke nan kuma shi ne likitan fiɗa na asibiti, shi ne mai duba kundin ɗalibai. Ƙara yawan ɗalibai ba tare da ƙara malamai da gadajen koyo ba, ƙara ruwa ne a miyar da ba a ƙara mata daddawa ba.

BAYAN RANTSUWA

Ga inda abin mamaki yake. Ƙasar da ba ta da likita ɗaya ga mutum 20,000, a cikinta ne ake samun likitoci suna zaune ba aiki. Mai karatu na iya tambaya yaya haka. Amsar ita ce, bukata daban, kuɗin biyan bukata daban. Asibitin gwamnati ba ya ɗaukar likita da kansa. Sai an buɗe gurbi a kasafin kuɗin ƙasa an ba mutum lambar ma'aikaci. A 2001 shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja cewa za su ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafinsu. Nijar, kamar mafi yawansu, ba ta kai ga wannan ba, kuma tun da matsalar tsaro ta tsananta a Difa da Tillaberi kuɗi masu yawa suka karkata can. Ɗaukar aiki sai ta zama ta lokaci-lokaci. A 2011 an ɗauki likitoci fiye da 500 a tashi ɗaya, har aka tura wasu zuwa cibiyoyin lafiya na ƙananan hukumomi da ba su taɓa ganin dokta ba. Amma jami'a kowace shekara take yaye ɗalibai, yanzu kuma ba ɗaya ba ce.

Saboda haka sabon likita yakan bi ɗaya daga cikin hanyoyi kaɗan, ko ya haɗa biyu. Yakan yi aikin bautar ƙasa na shekara biyu da ɗan abin da ake ba shi. Yakan ci gaba da zuwa sashen da ya yi koyo a ciki yana aikin sa kai, don kada hannunsa ya mutu kuma don malamai su riƙa ganinsa. Yakan yi gadin dare a asibitoci masu zaman kansu, waɗanda kusan duk a birni suke. Ko kuwa ya shiga kwantaragi da ƙungiyoyin agaji, waɗanda suka yawaita a jahohin Damagaram da Maraɗi tun yunwar 2005. Sashen yara da ƙungiyar likitoci ta MSF ta daɗe tana tallafawa a Magarya ya zama makaranta ta biyu ga matasan likitoci da yawa. Albashin ƙungiya ya fi na gwamnati, amma ranar da shirin ya ƙare aikin ya ƙare, kuma kowa ya ga yadda tallafin waje ya girgiza bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, da kuma bayan da Amurka ta datse agajinta a 2025.

Burin mafi yawansu shi ne ƙwarewa: a zama likitan fiɗa, ko na mata, ko na yara, ko na zuciya, ko na ido. Wasu fannonin ana yin su a Yamai, wasu sai an je Dakar ko Kotonu ko Abijan ko Maroko ko Aljeriya, shekara huɗu ko biyar, da bursi in an dace, da kuɗin dangi in ba a dace ba. Ƙasa na bukatar ƙwararru, babu shakka. Sai dai ƙwararre ba ya aiki sai inda na'urorinsa suke, watau babban asibiti, saboda haka kowane likita da ya ƙware ya yi wa gunduma nisa ke nan. Wasu kuma daga can suke zarcewa Faransa, inda asibitocin ƙananan garuruwa ke ɗaukar likitocin da suka yi karatu a waje da albashi ƙasa da na ƴan ƙasa, wanda duk da haka ya ninka na gida. Maƙwabciya Najeriya, mai tsangayoyin likita a Zariya tun 1967 da Kano da Sakkwato, ta fi kowa sanin wannan ciwo, likitocinta na tafiya Ingila da Saudiyya da Amurka da ɗaruruwa. Harshen faransanci da ƙarancin adadi ne suka sa na Nijar bai kai haka ba, ba wai don an yi masa magani ba.

To me ya sa gunduma irin Takieta ba ta jan hankalin matashin likita, ko da ɗan yankin ne? Ana saurin cewa son birni ne. Bai kamata a tsaya nan ba. Likitan gunduma rabin lokacinsa na tafiya ne wajen aikin ofis: rahoton wata, lissafin allurar rigakafi, zagayen cibiyoyin CSI, tarurruka, karɓar baƙi. Idan su biyu ne ko uku, gadi ba ya ƙarewa. Yana ganin mace mai naƙuda da ya san abin da ya kamata a yi mata, amma in babu jini a ajiye, ko babu mai sa barci, ko babu wuta, sai ya sa ta a mota. Ba shi da asibitin kuɗi da zai leƙa da yamma ya cike gibin albashi kamar takwaransa na birni. Yana tunanin makarantar ƴaƴansa da aikin matarsa, ko aikin mijinta in mace ce. Abin da ya fi duka tsoratar da shi kuwa shi ne mantuwa: kada a kai shi a bar shi, sa'o'insa da suka maƙale a birni kusa da malamai su riga shi samun gurbin ƙwarewa.

Ga Takieta akwai wani abu na dabam. Kusancinta da Damagaram alheri ne, kuma tarko ne. Alheri ne domin maras lafiya na isa babban asibiti cikin awa guda. Tarko ne domin ma'aikaci na iya ajiye iyalinsa a birni ya riƙa zuwa da safe yana komawa da la'asar, alhali naƙuda da ciwon ciki ba su san la'asar ba. Kuma awa gudan nan daga bakin kwalta ake ƙidaya ta. Matar da ke wani ƙauye na Dakusa ko na Garagumsa, sai an fara ɗauko ta a amalanke ko a babur cikin rairayi kafin a kai ga kwaltar.

Ƙasar nan ba baƙuwa ba ce wajen neman dabarar kai lafiya karkara. Tun a shekarun 1960 aka fara horar da masu agajin farko da ungozomomin ƙauye a yankin Maraɗi, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa misali da su a 1975, shekara uku kafin babban taron Alma-Ata. A tsakiyar shekarun 2000 kuma aka fito da horon fiɗar gunduma, inda likitan da bai ƙware ba yake ƙara shekara guda ya koyi fiɗar haihuwa da ta gwaiwa da sauran na gaggawa, ya koma asibitin gunduma. A lokacin ne aka sa fiɗar haihuwa ta zama kyauta a 2005, da maganin yara ƴan ƙasa da shekara biyar a 2006. Wannan ya kawo jama'a asibiti, sai dai jinkirin da gwamnati ta riƙa yi wajen maido wa cibiyoyi kuɗinsu ya bar kantocin magani da yawa fayau. Daga 1 ga Satumba 2024 an rage kuɗin ganin likita da na gwaje-gwaje da rabi a asibitocin gwamnati. Duk matakin da ya sauƙaƙa wa talaka zuwa asibiti yana ƙara tsawon layin da ke gaban likita, don haka ragin kuɗi da ɗaukar ma'aikata tare ya kamata su tafi.

Darasin da wasu ƙasashe suka koya a fili yake, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tattara shi cikin shawarwarinta na 2010: wanda ya tashi a karkara, kuma ya yi wani ɓangare na koyonsa a karkara, shi ya fi yiwuwa ya zauna a can. Tailan ta daɗe tana ɗaukar ɗalibai daga larduna, ta horar da su a asibitocin lardi, ta ɗaure su da alkawarin aikin shekara uku. A Mali, tun 1989 matasan likitoci suka fara kafa kansu a ƙauyuka bisa yarjejeniya da jama'ar wurin, suna rayuwa da kuɗin aikinsu, da wata ƙungiya da ke tallafa musu da kayan farawa. Babu ɗaya cikin waɗannan da ya fi ƙarfin Nijar. Ƙaramar hukuma da ƴan kasuwar yankin da ƴaƴansa mazauna waje suna iya ɗaukar nauyin ɗalibi biyu ko uku, a rubuta yarjejeniya a gaban hakimi da perefe cewa za su yi wa yankin aiki na wasu shekaru. Amma yarjejeniyar ba ta da amfani in ba a tanadi gurbin da za su dawo su shiga ba, da gidan da za su zauna, wannan kuwa aikin gwamnati ne. Haka nan, da za a ce shekara uku a gunduma tana ba likita fifiko wajen samun bursin ƙwarewa, kuma a cika alkawarin a idon kowa, da tura mutum Takieta ko Tanut ko Belbeji ya daina kama da horo.

Saura batun harshe. Kundin da aka ƙaddamar a Maris 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, ya bar faransanci da ingilishi a matsayin harsunan aiki. Ba mai cewa gobe za a koyar da ilimin sassan jiki da Hausa. Littattafan da kalmomin ba su kammalu ba. Amma rabin aikin likita tambaya ce da sauraro, kuma wannan rabin da Hausa ake yin sa a Damagaram, ko da Barbarci ko Fulatanci ko Buzanci. Tsohuwar da ta ce jikanta na fama da shawara, ko dattijon da ya ce sanyi ne ya kama shi, ko matar da ta ce zahi ne ke damunta, kowannensu yana nufin abubuwa da yawa waɗanda ba su yi daidai da suna ɗaya na littafi ba. Ɗalibi yakan koyi fassara su ne a tsaye, daga bakin majo da ungozoma, ba wanda ke jarraba shi a kai. Tsangayar Damagaram tana zaune a tsakiyar masu wannan harshe, ɗalibanta kuma kowace shekara suna neman abin da za su rubuta kundi a kansa. Tattara waɗannan kalmomi gunduma-gunduma, da tantance abin da kowace ke nufi a bakin mai faɗinta, aiki ne da ɗalibin shekarar ƙarshe zai iya yi da littafin rubutu da kuɗin mota zuwa Takieta, masu yaƙi da jahilci na yankin kuma suna da hannun da za su sa a rubuta shi daidai.